Agogon Safwan Ya Yi Gaba da Awa Ɗaya

…kuma ba zan ɗaga kai ba. In na ɗaga kai zai ga fuskata, fuskata kuwa ba ta taɓa iya ɓoye komai ba, kai ka fi kowa sanin haka, Safwan ƙanena, kai da kake karanta ni tun daga ƙofar gida kafin in cire takalmi. Hannu a kan madannai, Yalwa. Ido a kan gilashi. Mutum ne ya shigo shago da aiki, aiki za a yi masa ya tafi.

Kwamfutarka ce.

A'a. Irin wannan baƙar kwamfutar ta cika garin Jega, kowane ɗalibi da tasa a jaka, sau nawa ake kawo min irinta… Amma wacce ce ke da ƙunar maganin sauro a kusurwar hagu? Ranar da ka yi barci kana zanen wuyan riga, wari ne ya tashe ka, na yi maka dariya har ka yi fushi ka juya min baya. Juya baya, zagin kurma ke nan, ba abin da zan iya mayar maka. An manna wata takarda mai hoton mota a kan murfin, amma yatsana yana jin abin da ke ƙarƙashi. Dagin da ka zana da allura. Yana nan.

Yana zaune a kan benci, mai ita. Mai ita! Ji abin da bakina ke shirin koya. Farar shadda, hula ta sauko har kan kunne, carbi a hannu ba ya ja, juya shi kawai yake yi a yatsa. Da ya shigo sallamarsa ma a hankali ya yi ta.

“Malama, an ce ke ka gyaran irin wanga. Duk sa'ad da nim maida amsa, wani rubutu na hitowa bisa, ban san ko mi na ba. Ki ɗebe min shi, ki sa irin na kowa. Agogon ma ba daidai shike ba.”

Na ce to, Alhaji. Ni ce na ce to. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Irin na kowa. Wai layin nan da kwamfuta ke sawa da kanta a saman wasiƙa in mutum ya danna amsa: ranar kaza, ƙarfe kaza, wane ya rubuta. Ba mai karanta shi. Mutane tsallake shi suke yi kamar dakalin ƙofa. Kai ne kawai ka tsaya a kansa, mai taurin kai, ana gobe za ka tafi, a tsakar gidanmu na Aliero, Inna tana tsince albasar da ta fara tsiro, kai kana buga min gwiwa da biro. Ba ka son na Turanci. Wata kafin rana — wane irin lissafi ne wannan? Ka juya hannu sama da ƙasa, ka taɓe baki. A sa sunan rana da farko, ka ce, don Juma'a ba ta yi maka sallama in ta zo, sai ka ga mutane da manyan riguna. A sa agogon soja, mai ashirin da huɗu, kada safe da yamma su yi kama. Na yi ta tono cikin saiti har la'asar, ina zaginka da baki kana kallon leɓena kana dariya, don ka san zagi ne.

Sai kalmar ƙarshe. “Ya rubuta.” Ka girgiza kai. Ka ɗaga yatsu biyu ka taɓa kafaɗarka sau biyu.

Sunana ke nan a maganar hannu. Tun kana ɗan shekara biyar, tun zazzaɓin da ya tafi da kunnenka, in ladan ya kira salla ni ce ke zuwa in taɓa ka. Sau biyu, a kafaɗa, lokaci ya yi. Duniya duk Yalwa take kirana, takarda ta ce Iklima, kai kuma kafaɗa. To a sa haka, ka ce, duk wanda ya rubuto min ai taɓa ni ya yi. Na ce kai mahaukaci ne, wa zai ɗauke ka aiki da wannan shirme a saman wasiƙa? Amma na buga. Ga shi nan a gabana yanzu, a cikin ɗan akwatin saiti, yadda yatsuna suka bar shi:

Ranar kaza, ƙarfe kaza, hannun wane ya taɓa kafaɗata.

Ba a taɓa ko harafi ɗaya ba. Injin wutar maƙwabcina ya mutu, shiru ya faɗo cikin shago, ina jin carbin nan yana ƙas, ƙas a yatsansa. Wata babbar mota tana wucewa da buhunan albasa, warin ya shigo ya zauna. Me zan yi da hannuna? Matsar da linzamin kwamfuta, Yalwa. Yi kamar kina nema.

Kano. Kano ka ce za ka. Wani mutum mai shagon keken kwamfuta na aikin wuyan riga yana neman masu zane, ya fi son kurame don ba su da surutu, akwai ɗaki, akwai abinci. A taron kurame kuka haɗu, ban taɓa ganinsa ba. Magaji, ka rubuta min a tafin hannu. Na ce yaya sunansa na hannu? Ka kama fatar kunnenka na dama ka yi kamar kana yanke ta da almakashi. Muka yi dariya. Wallahi dariya muka yi, Safwan, ni da kai, Inna tana tambaya me ake wa dariya…

Hular nan ta sauko da yawa. A wannan zafin wa ke jan hula har kan kunne?

Kada ki duba.

Waya kuwa an ce tana hana aiki, maigida ya karɓe ya ajiye, sai wasiƙar kwamfuta kawai. Ban so ba, amma na ce ai kowane gida da dokarsa. Amsarka tana zuwa, layinmu a sama, lokaci daidai da lokacin da na aika. In na rubuta bayan azahar, bayan azahar zan gani. Kowace Juma'a in hau mota zuwa Aliero, Inna ta shimfiɗa tabarma ta gyara zama. “Soma min daga wurin kahwaɗa.” Kullum. Ba ta yarda a tsallake. Sai na karanta mata rana da ƙarfe da hannun Iklima, sannan ta ce to, ci gaba, mi yac ce.

Sai ranar nan. Ni na san lokacin da na aika, ana kiran azahar na danna, har na ce bari in yi sauri. Amsa ta zo, layi ya ce ƙarfe uku saura. Awa ɗaya gaba. Na ce kuskure ne. Na sake aikawa ina kallon agogon bango, na rubuta lokacin a bayan hannuna da biro kamar wata 'yar firamare. Awa ɗaya gaba. Wani ne zai bar agogo ya lalace, ba kai ba. Kai da ba ka jin ladan? Agogo shi ne ladaninka, ko batirin na bango ya yi sanyi sai ka hana gida zama. In agogonka ya matsa, kai ka matsar da shi, da hannunka, don rana ta canza maka wurin faɗuwa. Kano kuwa ranarmu ɗaya da su.

Na nemi ƙasashen da suka fi mu da awa ɗaya. Na karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta maka, ina kake? Ka ce Kano. Na ce Safwan, ina kake? Ka ce aiki da yawa, a gaida Inna. Na ji haushinka, na ji tsoro, na kuma ji wani abu mai kama da godiya — eh, godiya, don ko ba ka faɗa ba layin ya faɗa min. Ka tsallaka, ka yi min ƙarya, amma kana da rai, kana da hannun gyara agogo, kana salla a kan lokaci. A kan wannan na tsaya. Duk watannin nan a kan awa ɗayan nan nake tsaye. Kowace amsa ta zo, ba na fara duba me ka ce, sama nake kallo. Awa ɗaya gaba? Alhamdulillahi. Yana can. Ko ina ne can ɗin, yana can.

Ta shekaranjiya ma haka ta zo. Ina lafiya, a gaida Inna. Layinmu a sama, awa ɗaya gaba.

Shekaranjiya.

Layin nan a cikin wannan kwamfutar yake zaune, ba a iska ba, ba a wani wuri ba, ni na sa shi, na sani. Wasiƙar da ta fito da shi daga cikin wannan ta fito. Wannan da ke kan teburina a Jega, da ƙurar Jega a tsakanin madannanta. Ga agogonta can a ƙasa, a kusurwa, yana nan awa ɗaya gaba, na buɗe — lokacin Tarabulus, can bayan hamada. Ka zaɓa da hannunka. Shi ne abu na ƙarshe da na tabbata hannunka ya yi. Daga nan kwamfuta ta juyo, ta keto duk hanyar da ka bi, ta dawo har garin da nake, ba wanda ya mayar da agogon. Da kai ne ka dawo da ita, tun a bakin iyaka za ka gyara. Tun kafin ka sha ruwa.

Ashe ba inda kake layin ke faɗa min ba. Inda aka raba ka da ita yake faɗa.

Tun yaushe? Tun yaushe nake karanta wa Inna… Tantabaru. Ya Allah, tantabaru. Ba wasiƙar da ba ka tambayi tantabarunka ba, mai jan wuya ta yi ƙwai? an gyara musu tukunya? kada Inna ta ba su dussa mai tsami. Sai aka daina. Ina lafiya, a gaida Inna. Ina lafiya, a gaida Inna. Na ce girma ne, na ce gajiya ce, na ce wanda ke ƙasar mutane ina ya ga ta tantabara. Tun kafin azumi ne? Ko bayan ƙaramar salla? Ba zan iya tunawa ba, kaina ya ƙi, kuma wai ni ce mai lura.

“Ba sai kin buɗe wasiƙu ba, Malama. Wancan rubutun kaɗai.”

To, Alhaji. Ai saitin a ciki yake, dole sai an shiga, amma ba na karanta na mutane.

Ba na karantawa. Idona ne yake gani. A gefen hagu, inda da akwatin wasiƙunka kaɗai ne, yanzu huɗu ne a jere. Naka. Imran. Ummaru. Ridwan. Imran na Karaye, dogon nan da kuke zuwa kallon ƙwallo tare, ku dawo kuna gardama da hannu har ku kusa tsone wa juna ido. Ummaru ɗan Mungadi ne, mai gyaran takalmi. Ridwan ban san shi ba, amma ka taɓa nuna min, daga wajen Sabiyal, mai tabo a goshi. Duk kurame. Duk ba mai kiransu a waya ya ce bari in ji muryarka. Wa zai ce a ba shi kurma a waya? Mutum ɗaya da yatsa ɗaya ya ishe su baki, su huɗu. Kuma duk amsar da ya aika, zuwa Karaye, zuwa Mungadi, da layinka take fita. Iyaye huɗu ana ce musu hannunsu ya taɓa kafaɗa.

Ga kan wata wasiƙa can a akwatin Imran, ban buɗe ba, kanta ne a waje: Innarka tana tambaya me ya sa agogonka ya fi namu. Wani malamin makaranta ne ya rubuta mata, da gani. Ashe ba ni kaɗai ke kallon sama ba. Wata tsohuwa a Karaye ta lura, ta yi tambaya, shi ya sa aka ɗauko jaka aka zo neman mai gyara. Aka tambaya a bakin kasuwa, wa ya iya? Aka ce je ka wurin Yalwa. Allon shagona Yalwa ya ce. Gidanmu kuma yana Aliero. Ina zai sani?

Ya sani?

Ya cire hula yana share gumi. Ban duba ba, gilashin injin fotokwafi ne ya nuna min. Kunnen dama. Fatar ƙasa babu, a yanke take sumul kamar da almakashi.

Numfashi, Yalwa. Ta hanci. Ina jin fitsari, ina jin kamar in kwashe da dariya. Ka iya suna, Safwan, wallahi ka iya sa wa mutum suna.

In na goge, shi ke nan. Minti biyu ne aikin. In sa na Turanci, in mayar da agogo kan lokacin Legas irin namu, ya rufe ya sa a jaka ya fita. Jibi amsa ta zo, ina lafiya, a gaida Inna, da layi irin na kowa, lokaci daidai da namu, tsohuwar Karaye ta kwantar da hankali. Ni da hannuna in share sawun ƙarshe. Wa zan gaya wa daga baya? In ce me? Na ga kwamfutar ƙanena, na gyara, na mayar? In kuma na ce ba ta gyaruwa, wani shagon zai shiga, can gaba kusa da tasha, yaran nan ba sa tambaya. In na ce a bar ta zuwa gobe — ba zai bari ba, dubi yadda ya ƙi ajiye jakar ma a ƙasa. In yi ihu? In ce me a ihun? Ɓarawon agogo? Mutum mai farar shadda da carbi, ni kuma mace ni kaɗai a shago, maƙwabcina ya tafi neman mai. Wayata tana cikin jaka, jaka tana rataye a ƙusa, ƙusa tana saman kansa.

Amma wannan bakin da ke zaune a bencina ya san inda kake. Duk duniya shi kaɗai na sani da ya sani. Yana nan, taku uku. Ina son in kama wuyan rigarsa in tambaye shi ko kana ci, ko an rufe ka, ko an… a'a. Ban faɗa ba. Ban ma yi tunaninsa ba.

Gobe Juma'a. Tabarma. Soma min daga wurin kahwaɗa.

Gilashi ya yi walƙiya.

Na manta. Kai ka sa haka, tunda ba ka jin ƙara, in wasiƙa ta shigo fuskar kwamfuta ta haska sau biyu. Ta kama netwok ɗin shago da kanta, ta san shi, a nan ka zauna ka yi ta sauke zane kafin ka tafi, ba ta manta ba. Ta ja abin da ke jira. Wasiƙata ce ta safiyar yau. Iklima Usmanu, da baƙin rubutu mai kauri a saman akwatinka. Mai jan wuya ta ƙyanƙyashe biyu, na ce ko wannan zai sa ka yi magana.

Ya ga hasken. Benci ya yi ƙara.

“An gama?”

Saura kaɗan, Alhaji, gwadawa nake.

Me ya sa na danna amsa? Hannuna ne ya yi, ban aike shi ba. Ga shi ya fito, sabo, kamar yanzu ka rubuta: Ranar Alhamis, ƙarfe 10:12, hannun Iklima Usmanu ya taɓa kafaɗata. Tara da 'yan mintuna na aika. Sama da shi fili, fari fat, da 'yar sandar nan tana ƙiftawa tana jiran wanda zai zama kai. Nan yake sa yatsansa. Nan daidai. Madannan ma sun yi maiƙon hannun da ba naka ba.

Ladan ya ɗaga murya. La'asar. A agogonka ta wuce tun ɗazu.

Je ka masallaci, Alhaji. Don Allah je ka. Raka'a huɗu sun ishe ni in rungume ta in bi ta bayan shago, in tari mai babur, ko gida, ko ofishin 'yan sanda, ko ina ne. Ya miƙe. Ya gyara hula. Ya zura takalmi, ɗaya, biyu, ya nufi ƙofa. Alhamdulillahi, alhamdu…

Ya tsaya.

Me yake kallo? Bango. Saman injin fotokwafi. Satifiket ɗina na koyon kwamfuta, wanda kai ka yi wa firam, ka buga ƙusar da kanka, ka ja baya kana duba ko ya karkace. Ba Yalwa aka rubuta a kai ba. Yana karantawa a hankali, leɓensa na motsi, ni kuwa a gidanmu aka koyi karatun leɓe. I-ki-li-ma. Us-ma-nu. Ali-e-ro.

Bai juyo ba tukuna. Carbin ya daina ƙara.

Ya sa ƙafa ya jawo benci. Ya gitta shi a bakin ƙofa. Ya zauna, ya cire takalmin da ya sa yanzu, ya jera su a gefe.

“Salla ba ta gudu, Malama. Yi aikinki, ina nan.”

Ladan yana ta kira, bai san komai ba. Yatsana yana kan madannin gogewa, ban danna ba, ban ɗauke ba, ya yi nauyi, duk jikina ya yi nauyi, na gaji, Safwan, na gaji da tsayuwa a kan awa ɗaya. 'Yar sandar tana ƙiftawa. Mai jan wuya ta ƙyanƙyashe biyu. Lokaci ya yi, ka ji? A'a, ba ka ji ba, ai ba ka taɓa ji ba, sai an zo an… Can inda kake, in akwai can, wa ke zuwa ya taɓa ka?

Wa ya taɓa ka tun da…